Makarantar Santsi: Yadda Ake Koyon Tuƙi a Kan Ƙanƙara a Suwidin

A ƙasar Suwidin ba a ba mutum lasisin tuƙin ƙaramar mota sai ya je wani fili na musamman ya tuƙa a kan santsi, motar ta ƙwace masa a gaban malami. Ƙwacewar ba faɗuwa jarrabawa ba ce, ita ce ma abin da aka kai shi ya gani. Dokar ta hau kan matashin da ya cika shekara 18 jiya, ta hau kan baƙon da ya zo daga ƙasa kamar Najeriya da furfurarsa da lasisin ƙasarsu a aljihu.

Karatu ne ya kai ni Umeå, wani garin jami'a a arewacin ƙasar, kusa da tekun da ya raba Suwidin da Finlan. Na bar gida hannuna ya faɗa da mota, don na sha hanyar Zariya zuwa Kano dare da rana. To amma lasisin Najeriya shekara ɗaya kawai yake yi wa mutum aiki daga ranar da aka yi masa rajistar zama a ƙasar. Bayan nan sai ya koma sahun 'yan koyo: karatun dokoki, jarrabawar kwamfuta, gwajin tuƙi, da kuma darasi biyu na sanin haɗari waɗanda dole ne a yi su kafin a shiga jarrabawa. Na farko a aji ake yin sa, a kan giya da ƙwaya da gyangyaɗi. Na biyu shi ne na filin santsi, wanda suke kira halkbana.

Wanda ya ga hunturun Umeå ba zai tambayi dalili ba. Daga wajen Nuwamba har zuwa Afrilu ƙasa fara ce fat. A ƙarshen Disamba rana awa huɗu da 'yan mintoci take yi a sama, sanyi kuma kan sauka digiri 20 ƙasa da sifili. Duk da haka ba a rufe makaranta, ba a fasa zuwa aiki, motar madara da ta katako suna kan hanya kullum.

Abin da ke riƙe mota a ƙasa

Mota mai nauyin tan ɗaya da rabi, wurare huɗu ne kawai suke haɗa ta da hanya, kowanne bai wuce faɗin tafin hannun babban mutum ba. Ta nan birki yake tsayar da ita, ta nan sitiyari yake juya ta, ta nan ƙarfin inji yake tura ta gaba. Injiniyoyi suna auna kamun da taya ke yi wa hanya da lamba. A busasshiyar kwalta lambar tana kai wa 0.8. A dusar ƙanƙarar da motoci suka danne takan sauka zuwa 0.2 ko 0.3. A ƙanƙara zalla mai sulɓi kuwa tana iya faɗuwa har 0.1. Ma'anar wannan a aikace ita ce, motar da ke gudun kilomita 50 a awa za ta tsaya cikin mita 12 a busasshiyar kwalta, amma a kan sulɓin ƙanƙara sai ta ci kusan mita 100 tana tafiya, ƙafar direba na kan birki.

Kamun nan ɗan kaɗan ne, kuma birki da sitiyari da totur duk a cikinsa suke ci. Abin da birki ya cinye, sitiyari ya rasa. Shi ya sa mai taka birki a tsakiyar kwana yake ganin motarsa ta miƙe ta nufi daji alhali ya murɗa sitiyari har ƙarshe.

Baƙo yakan ɗauka ranar da sanyi ya fi tsanani ita ce ranar haɗari. Mutanen arewacin Suwidin sun fi tsoron ranar da awon sanyi ke yawo kusa da sifili. Idan sanyi ya kai digiri 20 ƙasa da sifili, dusar tana bushewa, tana ƙara a ƙarƙashin taya, kuma tayar tana samun abin kamawa. Idan ƙanƙara ta fara narkewa kuwa, ruwa yakan kwanta a samanta, hanya ta koma kamar an zuba yauƙin kuɓewa a daɓen siminti. Ko a ƙafa sai mutum ya yi da gaske.

Sai maganar gudu, wadda ita ce ƙashin bayan darasin gaba ɗaya. Nisan birki ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu, gaba yake yi ya bar shi. In ka ninka gudu sau biyu, nisan tsayawa ya ninku sau huɗu. Motar da ta tsaya cikin mita 18 a gudun 30, za ta buƙaci mita 32 a gudun 40, mita 50 a gudun 50. Ba a ma sa daƙiƙa ɗayar da direba ke ɓatawa kafin ƙafarsa ta isa birki ba, wadda a gudun 50 ta cinye wasu mita 14.

Rabin yini a filin

Darasin awa uku zuwa huɗu ne. A lokacin zafi ana amfani da wani daɓe mai sulɓi da ake fesa wa ruwa, mu kuwa da muka je cikin hunturu ƙanƙarar gaske muka samu. Kafin a ba mu mota, malamar, wata dattijuwa mai jar rigar sanyi, ta shigar da mu wani ɗaki. Akwai kujerar mota a kan dogo mai gangare. Mutum ya zauna, ya ɗaura bel, a sake shi ya gangaro ya daki ƙarfe a gudun da bai wuce kilomita 7 a awa ba. Duk wanda ya sauko sai ka ga yana shafa ƙirji. Akwai kuma gangar jikin mota da aka ɗora a kan inji, a shiga a ɗaura bel, a juya ta a hankali har ƙafafunta su kalli sama, mutum ya ji yadda bel ɗin yake riƙe shi yana reto, a nuna masa yadda zai tokare rufi da hannu kafin ya kwance.

Daga nan aka fita fili. Kowace mota da rediyo a ciki, malamar tana gefe tana magana da mu. Ta ce a tashi daga layi, a kai gudun 30, in an zo tsakanin wasu alamomi biyu a taka birki iya ƙarfi. Kafin mota ta farko ta taso, ta ba sauranmu ƙananan alamomin roba, ta ce kowa ya je ya ajiye tasa inda yake zaton motar za ta tsaya. A gudun 30 ba mu yi nisa da gaskiya ba. Da aka koma 50, motar ta wuce alamominmu gaba ɗaya, ɗaya bayan ɗaya, tana tafe a hankali kamar ba ta da niyyar tsayawa.

Da na shiga tawa na taka birkin, sai fedar ta fara rawa a ƙarƙashin ƙafata, wata ƙara na tashi daga gaba kamar ana niƙa tsakuwa. Muryar malamar ta fito ta rediyo: "Taka! Kada ka ɗaga! Ƙara dannawa!" Rawar nan ita ce na'urar ABS tana kama taya tana saki sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya, don kada tayar ta kulle. Direbobi da dama da suka ji ta a karon farko sukan ɗage ƙafa, suna zaton wani abu ya karye. An fi so mutum ya fara jin ta a fili, inda babu abin da zai buge sai soso.

Gwaji na ƙarshe shi ya fi tsaya mini a rai. An rataye mutum-mutumin soso a tsakiyar hanya, mai girman yaro ɗan firamare. Malamar ta ce wannan karon ba za ta faɗi gudu ba, kowa ya zaɓi wanda yake ganin zai iya tsayawa da shi kafin ya isa yaron. Wani saurayi a cikinmu, wanda tun safe yake ba mu labarin yadda yake wasa da motar mahaifinsa a kan daskararren tafki, ya zaɓi 50. Ya taka birki a kan lokaci, bai yi kuskuren komai ba, amma motar ta kwashi soson ta wuce da shi. Malamar ba ta yi masa faɗa ba. Ta tara mu ta yi lissafi a kan dusar da ke bayan wata mota da yatsanta. Motoci biyu, ɗaya na gudun 40, ɗaya na gudun 50, sun taka birki a wuri ɗaya. A daidai inda mai 40 ta tsaya cak, mai 50 tana kan gudun 30. "Goma kawai ka ƙara," in ji ta, "amma da talatin ka buge shi."

Ba a ba da maki a wannan darasi. Abin da ake nema shi ne mutum ya halarta, ya yi abin da aka ce, ya shiga tattaunawa. Takardar shaidar tana aiki shekara biyar.

Lokacin da horo ya ƙara haɗari

Na yi mamakin yadda malamar ba ta ɓata lokaci wajen koya mana dabarar dawo da motar da bayanta ya zame ba. Ashe akwai tarihi a bayan wannan.

A 1979 ƙasar Norwe ta sa darasin tuƙi a kan santsi cikin sharuɗɗan sababbin direbobi. A lokacin, abin da ake koyarwa shi ne gwaninta: yadda za ka mayar da sitiyari, yadda za ka kauce, yadda za ka ƙwato mota. A 1988 wani mai bincike a cibiyar nazarin sufuri ta ƙasar, Alf Glad, ya duba sakamakon, sai ya tarar haɗarin kan santsi a tsakanin samari maza ƙaruwa ya yi bayan darasin. Finlan ta shigar da irin wannan horo a 1990, kuma masu bincike na Jami'ar Turku sun gano cewa ko da malamai na nufin koyar da hangen nesa, ɗalibai da yawa suna fita ne da tunanin an koya musu sarrafa mota a santsi. A Suwidin, Nils Petter Gregersen ya wallafa wani gwaji a 1996. Ya raba 'yan koyo gida biyu, ɗaya aka horar da su dabara, ɗaya aka nuna musu iyakar abin da za su iya. Da aka gwada su daga baya, iyawarsu ba ta bambanta ba. Bambancin shi ne, waɗanda aka koya wa dabara sun fi ganin kansu gwanaye.

Dalilin a fili yake. Dabarar da aka koya cikin awa biyu ba ta zama a hannu, kafin hunturu na gaba ta gudu. Amma jin cewa "ai na iya" yana nan daram, shi kuma yake ƙara nauyin ƙafa a kan totur. Ruwa dama gwani yake ci. Saboda haka aka sauya manufar darasin, daga koyar da yadda za a fita daga matsala zuwa nuna wa mutum ƙarara cewa in ya shiga da gudu, ba lalle ya fita ba.

Ba wai gwanintar babu ita ba ne. Tun 2022 a Umeå ake yin zagayen Suwidin na gasar tseren motoci ta duniya, kuma duk watan Fabrairu muna fita kallon motoci suna keta daji a kan ƙanƙara da gudun da ya wuce hankali. Amma waɗannan tayoyinsu na ɗauke da ɗaruruwan dogayen ƙusoshi da doka ba ta yarda a hau titi da su ba, an rufe musu hanya, akwai mai karanta musu kowace kwana kafin su iso ta, kuma tun suna yara suke wannan aiki. Mai kai yara makaranta ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Hannu da ƙafa

Duk da haka akwai 'yan abubuwan da kowane direba a can ya sani. Na farko, komai a hankali ake yin sa: tashi, juyawa, rage gudu. Mai motar giya yakan tashi da giya ta biyu in tayoyi suna juyawa a banza. Ana gama rage gudu kafin a shiga kwana, tun mota tana miƙe. Na'urar da ke riƙe gudu da kanta kuma kashe ta ake yi a kan santsi.

Zamewa iri biyu ce. Akwai wadda gaba ke ƙin juyawa, ka murɗa sitiyari mota ta ci gaba da miƙewa. Hannu yakan so ya ƙara murɗawa, alhali wannan ƙara lalata kamun yake yi. Abin yi shi ne a ɗage ƙafa daga totur, a taka kuloci in motar giya ce, a ɗan sassauta sitiyarin har tayoyin gaba su sake kamawa. Akwai kuma wadda baya ke fita gefe, mota ta nemi juyowa ta kalli inda ta fito. Nan ana juya sitiyari zuwa ɓangaren da bayan ya nufa, da sauri amma ba da wuce gona da iri ba, a kuma shirya mayar da shi, don in tayoyin baya suka kama farat ɗaya motar takan yi wurgi zuwa ɗaya gefen. A duka biyun ido ne jagora. Wanda ya ƙura wa bishiya ido, bishiyar zai samu. Ana kallon inda ake so a bi, hannu yakan bi ido da kansa.

In abu ya taso kwatsam, mai ABS ya danne birki iya ƙarfinsa ya riƙe, ya kauce da sitiyari a lokaci guda. Tsohuwar motar da ba ta da shi, da zarar tayoyi sun kulle sitiyari ya zama ado, sai an saki birkin kafin ta juya.

Kamfanin Bosch da Mercedes ne suka fito da ABS na zamani a 1978, sannan a 1995 suka kawo ESP, na'urar da ke gane mota ta fara zamewa ta taka wa taya ɗaya birki ita kaɗai don ta daidaita ta. Wani abin da ya faru a Suwidin ne ya yaɗa ta. A 1997 'yan jaridar mujallar motoci ta Teknikens Värld suna gwada sabuwar ƙaramar Mercedes da gwajin kauce wa dabba a hanya, sai motar ta kife. Kamfanin ya gyara ta ya sa mata ESP, sauran kamfanoni suka bi sahu, kuma tun Nuwamba 2014 duk sabuwar ƙaramar mota a Tarayyar Turai dole ta zo da ita. Da yawa daga cikin irin waɗannan na'urori a kan daskararrun tafkunan Arjeplog ake gwada su, can ƙuryar arewa, inda injiniyoyin kamfanonin motoci ke tururuwa duk hunturu tun shekarun 1970. Amma na'ura ba ta ƙirƙirar kamun da babu shi. Ɗan wanda ke akwai take rarrabawa.

Taya kafin komai

A watan Oktoba, in ka bi unguwa ranar Asabar, za ka ga maza da mata a durƙushe gaban gidajensu da jak, suna sauya taya. Kowace mota tana da tayoyi takwas, huɗu na zafi, huɗu na hunturu. Maƙwabcina, wani tsohon direban motar katako, da alli yake rubuta wa kowace taya gurbin da ta fito, kuma shi ya nuna mini cewa biyun da suka fi kyau a baya ake sa su, ko da motar da gaba take ja. Hujjarsa ita ce gaba in ya zame kana da sitiyari, baya in ya zame ba ka da komai.

Doka ta ce daga 1 ga Disamba zuwa 31 ga Maris, muddin akwai yanayin hunturu a hanya, dole a sa tayar hunturu mai zurfin zane aƙalla milimita 3. Robar tayar zafi takan fara taurara in sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7, ita kuwa ta hunturu an haɗa ta ne ta zauna da laushi, da ƙananan tsage-tsage masu yawa da ke cizon dusa. Wannan fasaha daga Finlan ta faro, inda kamfanin da yanzu ake kira Nokian ya yi tayar hunturu ta farko a 1934. Akwai mai ƙusoshi, wadda aka yarda a hau da ita daga 1 ga Oktoba zuwa 15 ga Afrilu, kuma ita ta fi kama ƙanƙara zalla. Illarta ita ce tana kankare kwalta ta tayar da ƙura mai cutar da huhu, shi ya sa tun 2010 aka hana ta bin titin Hornsgatan a birnin Sitokholm.

Karatun hanya

Ƙanƙarar da ta fi kisa ita ce wadda ba a gani, siririya ce, kwalta na bayyana ta ƙarƙashinta baƙa ƙirin kamar an yi yayyafi. Direbobi suna da alamominsu. In hanya tana ƙyalli amma tayoyin motar gabanka ba sa feso ruwa, in ƙarar taya ta ɗauke, in sitiyari ya yi sakayau a hannu, to ƙanƙara kake takawa. Motoci da yawa suna kunna alamar gargaɗi tun a digiri 3 ko 4 sama da sifili, domin kwalta takan fi iska sanyi. Gada ce ke fara daskarewa, saboda iska na bin ta sama da ƙasa, sai kwari, sai inuwar daji, sai bakin mahaɗa inda birkin motoci ya goge dusa ta yi sulɓi. A watan Janairu 2013, a kan gadar Tranarp da ke babbar hanyar E4 a kudancin ƙasar, hazo da santsi suka haɗu, motoci fiye da 80 suka yi karo da juna, mutum ɗaya ya rasu, da dama suka jikkata.

Hukuma na watsa gishiri a manyan hanyoyi, amma in sanyi ya wuce kimanin digiri 6 ƙasa da sifili ƙarfinsa yana raguwa, sai a koma yashi da tsakuwa. Ana kafa dogayen sanduna masu launin lemo da ƙyalli a gefen hanya, don in dusa ta shafe komai su ne ke nuna inda kwalta ta ƙare. A arewa in ka ga baƙar leda ɗaure a jikin sanda, makiyayan Sami ne suke sanar da kai cewa garken barewarsu na kusa. Akwai kuma wata ƙatuwar dabbar dawa mai dogayen ƙafafu da suke kira älg, wadda namijinta kan kai kilo 500. Ana karo da dubbansu duk shekara, kuma in mota ta share ƙafafun, gangar jikin a gilashin gaba take sauka. Tazarar daƙiƙa uku da ake bari tsakanin motoci a lokacin zafi, a hunturu ninka ta ake yi ko fiye.

Kafin a tashi da safe akwai aiki. Ana jona injin da wutar lantarki a wurin ajiye motoci don ya yi ɗumi, a kankare gilasai gaba ɗaya, a share dusar kan rufi don kada ta zubo ta rufe gaba a birkin farko. A but ɗin mota kuma akwai shebur, bargo, igiyar ja da riga mai ƙyalli. Wanda ya raina wannan ya tambayi mutanen da suka kwana a hanyar E22 tsakanin Hörby da Kristianstad a farkon Janairu 2024, lokacin da dusa ta tsare motoci kusan dubu, wasu har kusan kwana guda. Wanda ya maƙale irin haka ya bar inji a kunne, dole ya riƙa fita yana share bakin salansa, in ba haka ba hayaƙi mai guba ya taru a cikin motar ba tare da ya ji wari ba.

A 1970 mutane fiye da 1,300 suka mutu a hanyoyin Suwidin. A 2020 adadin 204 ne, ga motoci sun ninka. Ba darasin santsi kaɗai ya yi wannan aiki ba. A 1997 majalisar ƙasar ta amince da manufar cewa kada kowa ya mutu ko ya naƙasa a hanya, bisa fahimtar cewa ɗan Adam zai yi kuskure, don haka hanya da mota da dokar gudu su ne za a tsara su yafe masa. Filin santsi reshe ne na wannan tunani.

Abin da ya shafe mu

Dusar ƙanƙara ba ta sauka a Kano, amma tayoyinta suna sauka. Da na je hutu gida na tsaya wurin mai faci, sai na ga jerin tayoyin gwanjo, da yawansu ɗauke da hoton dutse mai kai uku da furen dusa a ciki. Na nuna masa, ya ce, "Alhaji, ai wannan 'yar Beljiyam ce, dubi zanenta, ko rabi ba ta ci ba." Zanen kam yana nan. Amma roba ce da aka yi don sanyi, a kan kwaltar watan Afrilu laushi take ƙarawa, ta cinye da wuri, ta kuma tsawaita birki. Mai saye ya duba wannan hoto, ya duba lambobi huɗun da ke gefen tayar, biyun farko makon da aka yi ta, biyun ƙarshe shekara. Haka nan fitilar ABS da ke kunne a gaban motoci da yawa, wadda wasu ke liƙe wa baƙin salatif, sanarwa ce cewa na'urar ba ta aiki, kuma ranar ruwan farko, lokacin da ƙura da man da suka taru duk rani suka jiƙe a kan kwalta, ita ce ranar da za a neme ta.

Ɗaliban da ke shirin tafiya Kanada ko arewacin Turai ko Rasha, shawarata gare su ita ce su bar hunturun farko ya wuce suna fasinja, suna kallon yadda 'yan gari ke yi, sannan su nemi fili da malami kafin su hau babbar hanya. Wanda kuma ba inda za shi, lissafin malamar nan yana aiki a busasshiyar kwalta kamar yadda yake aiki a ƙanƙara. Motoci biyu a hanyar Kaduna, ɗaya na gudun 100, ɗaya na gudun 120, tirela ta tsaya a gabansu, suka taka birki tare. Inda mai 100 ta tsaya dab da bayan tirelar, mai 120 za ta iso wurin tana gudun 66.